Munduwar Inna da Ragunanta Biyu

Tun da na dawo daga Umara, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, bayan ta kurɓi zamzam ta ɗauki dabino, sai ta gyara zama ta ce, "To Malama, ya Makka?" Na amsa wannan tambaya har muƙamuƙina ya gaji. Na ce alhamdu lillahi, na ce akwai rana, na ce an ƙara gine-gine. Duka gaskiya ne, amma ba su ne labarin ba. Tsofaffin abokan aikina na makarantar 'yan mata, waɗanda suka san halina, sun ce fuskata ta nuna akwai saura. Akwai. Ga shi na rubuta don in huta, wadda ta sake tambaya takarda zan miƙa mata.

Mu biyu muka tafi, ni da yayata Hajiya Rabi. Ta ba ni shekara bakwai, kuma wannan zuwanta na huɗu. Ni kuwa na farko, duk da cewa shekara talatin da biyar na yi ina koyar da tarihi, na zana taswirar Hijaz a allo ya fi a ƙirga kafin ƙafata ta taka ta. Sunana Ladi a bakin Yaya. In ta ce "Malama", to na yi laifi.

Sai na fara da munduwar, don ba don ita ba da labarin bai wuce layi biyar ba. Mahaifinmu akawu ne a wurin wani Bature mutumin Girka da ke sayen fatu da ƙiraga a Kano, ana ce masa Kosta. Matarsa ta yi wata doguwar jinya, Innarmu ce ta riƙa zama da ita, tana dama mata kunu, tana yi mata fifita, ba wadda ke jin yaren 'yar uwarta. Da za su koma ƙasarsu gaba ɗaya, ina 'yar firamare a lokacin, matar ta zare munduwa daga hannunta ta zura wa Inna. Zinariya ce mai kauri, jaja-jaja, jikinta murɗaɗɗen zare, bakinta biyu kowanne da curi mai ƙananan ƙwayoyi, suna fuskantar juna. Inna ta sa ta har ta koma ga Allah. Daga nan ta koma hannun Yaya da yardar kowa, shekara talatin ke nan ba ta cire ta ba, ko wanki za ta yi.

Jirginmu na ƙarfe tara na safe ne, a takarda. Azahar ta same mu a filin jirgin Kano, la'asar ta zo ta tarar da mu inda azahar ta bar mu. Ba wanda ya ce mana komai, mu ma ba mu tambaya ba, don mun san amsar. A cikin wannan zaman ne wata Hajiya 'yar kasuwa, irin masu zuwa saro gwal sau uku a shekara, ta kamo hannun Yaya ba sallama ta juya shi.

"Hajiya, wannan ɗan ina ne? Ba Dubai ba ne, ba Saudiyya ba ne."

Yaya ta ce, "Na Innarmu ne."

Wannan amsa ta wadatar. Duk mai hankali zai bar maganar a nan. Amma ni wata biyu kafin tafiyar na sayi wani tsohon littafi mai hotuna a wurin masu baza littattafai a Sabon Gari, na ga munduwa irin ta Inna sak a ciki, ina ta jiran inda zan sauke wannan ilimi. Ga aji ya samu, ga ɗalibai ba su da wurin gudu. Na gyara tabarau na ce ƙirar Girka ce. Na ce maƙeransu na zamanin iyayenmu sun koma suna kwaikwayon aikin kakanninsu na shekara dubu biyu da wani abu, irin wanda ake tonowa a kaburbura, wanda a da suke kai wa gidajen gumakansu. Na ce waɗannan curi biyu kawunan raguna ne. Na sa farce ina nunawa, ga ƙaho ya naɗe, ga ido, ga hanci.

Yaya ta kai hannun kusa da fuskarta. "Rago? Ni duk tsawon nan na ɗauka fure ne."

'Yar kasuwar ta saki hannun kamar ta taɓa garwashi. "Inna lillahi! Hajiya, da wannan kike salla? Mutum-mutumi fa ke nan, har da ido!"

Daidai nan aka kira jirgi. Awa bakwai ana jiransa, bai tashi zuwa ba sai da na gama ɓarnar.

A cikin jirgi Yaya ta naɗe hannun da gefen mayafi, ta ƙi cin shinkafar da aka kawo. Mun yi nisa sannan ta ce, "Ladi, shekara talatin, salla biyar kullum, nawa ke nan?"

"Tarihi na koyar, Yaya, ba lissafi ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Muna isa zan kai a narka ta, su ba ni wata marar ido."

Na san Yaya. Ba ta faɗin abu sau biyu. Daga wannan lokaci Umarata ta rabu gida biyu: rabi na neman gafarar Ubangiji, rabi na neman yadda munduwar Inna za ta dawo Kano ba ta shiga wuta ba.

A Jidda aka jera mu gaban masu duba fasfo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. A gida in layi ya tsaya, akwai mai ihu, akwai mai cewa ya san kawun wani, akwai wanda zai zo ta gefe a shigar da shi. A can ba wanda za ka roƙa, sai wata na'ura mai koren haske da ke son yatsu. Ta karɓi na Yaya duk da lallenta. Nawa ta ƙi. Alli na shekara talatin da biyar ya goge zanen yatsuna, na zama mace marar shaida. Jami'in, cikin ladabi da gajiya, sai cewa yake, "Hajja, marra tanya," wato a sake. Na sake, na goga a mayafi, na hura musu iska, na danna har kafaɗata ta amsa. A karo na tara ƙaramin yatsan hagu ya cece ni, shi kaɗai ne bai taɓa riƙe alli ba. A bayana maza sanye da harami suna karkarwa, don sanyin na'urar ɗakin ba a yi shi don mai zane biyu ba.

Ba otal muka sauka ba. Muna da 'yar uwa a Ka'akiyya, wata unguwa can gefen Makka inda haya ke da sauƙi. Sunanta Sa'adiyya, 'yar Baffanmu da ya bar Kano ta hanyar Sudan tun ba a haifi Yaya ba, bai sake komowa ba. A can aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta ta tsofaffin cikin birni ce, an yayyafa mata Larabci kamar yaji.

"Ahlan, ahlan, Yaya! Wallahi kun sha ta'ab. Yalla ku hau, lif ɗin ya mutu tun Ramadan, amma hawa huɗu ne bas."

Hawa huɗu ne bas. Gwiwoyina sun ƙirga matakala sittin da takwas, kuma sun ci gaba da ƙirgawa kullum har muka bar garin. Gidan tsaf, ƙofofi a rufe, kowa da nasa. Kwana goma sha biyu na yi ban san fuskar matar da ke ƙofar da ke kallon tamu ba. A Fagge, gidan Yaya, in kika yi tari da safe, kafin hantsi mutum uku sun aiko da magani.

Abincin safe wake ne da aka dama da man zaitun, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Da rana shinkafa da nama a faranti ɗaya, kowa ya sa hannu, wannan kam ba baƙon abu ba ne. Gahawarsu ruwan ɗorawa ce, a ɗan kofi kamar murfin kwalba, in ba ki girgiza kofin ba za a yi ta ƙara miki har ki ji zuciyarki a kunne. Mu muna marmarin nasu, su kuwa da Yaya ta kwance ƙullin daddawa da kuka da ta kawo, Sa'adiyya ta rungume ledar ta shaƙa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce warin ɗakin babanta ke nan. Ranar tuwo muka ci a Makka.

Kafin mu tafi Harami Yaya ta shiga banɗaki da sabulu. Ta daɗe. Da ta fito hannunta ya yi ja, ga wani farin zobe a fatar inda rana ba ta taɓa ba shekara talatin. Ta jefa munduwar cikin safa ta miƙo mini.

"Ke kika san su, Malama, ke za ki riƙe su kafin mu je kasuwa."

Game da Ɗakin Allah ba zan ce komai ba, waɗanda suka fi ni alƙalami sun gwada. Abin da zan iya faɗa shi ne na jiki. Matan Indunusiya ƙanana ne, amma in suka sarƙe hannu su ashirin, gara ki ba su hanya. Turkawa ba sa ture mutum, wucewa suke ta cikinsa. Tsakanin Safa da Marwa na tuna na sha gaya wa ɗalibai nisan wurin da alƙaluma, ban taɓa gaya musu dutsen ƙasan yana da sanyi kuma yana cin diddige ba, don ban sani ba. Yaya tana gefena tana kuka tun zagayen farko. Kowa yana kuka a wurin, amma nata na san dalilinsa, kuma na san wa ya jawo shi.

Washegari Sa'adiyya ta ce kafin a yi komai a tambayi Malam Nasiru da ke hawa na biyu. Basakkwace ne, ya zo karatun shekara huɗu, yanzu yana ta goma sha huɗu, furfura ta fito masa a kan digirin ƙarshe na fiƙihu. Ya zo ya zauna bakin ƙofa, aka miƙa masa safar. Ya juya munduwar, ya fara da cewa malamai sun kasu uku a kan mas'alar, ya kama hanyar kawo na farko da hujjojinsu.

Yaya ta katse shi. "Malam, ni ba ɗaliba ba ce. In rama sallolin ko kar in rama?"

"Kada ki rama komi, Hajiya. Ba ki sani ba. Kuma ko da kin sani, wagga ba ta ɓata salla. Sallarki ta yi, in sha Allahu."

Na ji kamar in ba shi maki goma bisa goma. Da ya tsaya a nan. Amma malami malami ne, na san ciwon. Ya ƙara da cewa yanzu da ta sani, barin sa ta ya fi zama tsantseni. Ya ce kuma malamai sun yi bayani cewa surar abu mai rai a kai take, in aka cire kai abin da ya rage ba sura ba ne.

Na ce, "Malam, ai kan shi ne munduwar."

Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. "Malama, hukunci anka tambaye ni, ba a tambaye ni ado ba."

Yaya ta gode masa, ta sa aka ba shi ƙullin kuka. Bayan ya fita ta ce ta ji daɗin maganar salla, amma narkawa tana nan. Ba ta son abin da za ta riƙa kallo tana tuna shakka.

Sai na koma dabarar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, wato jan lokaci. Na ce ban taɓa zuwa ba, dole a kai ni ziyara. Mijin Sa'adiyya, wanda ke aikin jagorancin alhazai lokacin Hajji, sauran shekara kuma yana jan tasi, ya zaga da mu. Mina ba lokacin Hajji ba wani abu ne mai ban tsoro: gari guda na fararen tantuna, ba mutum, ba ko kyanwa. Ya nuna mana inda yake tsayuwa da tuta, inda wata tsohuwa ta ɓace masa kwana biyu aka same ta tana shan shayi da mutanen Mali. A Muzdalifa ba komai sai fili da tsakuwa da jerin banɗakuna a kulle. Muka fito daga mota don Yaya ta miƙe ƙafa, na ga dama ta samu. Na ce mata irin wannan aiki ya kusa ƙarewa a duniya. Na ce a wasu ƙasashe a gilashi ake sa shi, mutane su biya kuɗi su kalla. Na ce matar Kosta ba gunki ta ba Inna ba, godiya ta ba ta.

Yaya ta bari na gama, kamar yadda take bari mai talla ya gama.

"Ke a littafi kika gan ta, Ladi. Ni da ita na kai goshina ƙasa. Da kin yi shiru, da har in mutu fure ne."

Rana tana dukan mu, mijin Sa'adiyya yana danna oda. Muka koma mota.

Kwana uku na ci da wannan dabara, ran na huɗu ta ƙare. Sa'adiyya ta kai mu kasuwar zinariya bayan la'asar. Shaguna a jere, fitilu kamar ana tiyata, sarƙoƙi a rataye tun daga rufi, kowace irin ta kusa da ita. Hausa na tashi ta kowane gefe, matanmu suna ciniki da ɗan yatsa da na'urar lissafi. A nan na ga yadda ake yi da tsohon gwal. Mai shagon bai ko kalli munduwar ba. Ya ɗora ta a sikeli, ya goga ta a wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce mai kyau ce, karat ashirin da biyu. Sa'adiyya ta fassara mana sauran: su nauyi suke saye, aikin hannu ba ya cikin lissafi. Sai ya jefa ta cikin wata robar da ke cike da ɓallallun 'yan kunne da guntayen sarƙa. Na ji ƙararta. Ya sake ɗaukowa, ya jawo wani almakashin ƙarfe zai datsa ta ya ga cikinta.

Ban san lokacin da na miƙa hannu ta saman gilashin na fizge ta ba. Ni, da na yi shekaru ina hukunta yara kan fizge. Mutumin ya ɗaga hannu biyu yana wata magana da sauri, Sa'adiyya tana ba shi haƙuri, wata Hajiya a bayana ta ce, "Ikon Allah, a Makka ma?"

A waje Yaya ta ce, "Kin gama ba ni kunya, ko da saura?"

Sa'adiyya ta shiga tsakani. "Halas, ku bari. Mu je wurin Ammu Bakur. Shi da kansa yake narkawa, a gabanku. In za a yi, gara namu ya yi."

Ammu Bakur yana wani lungu bayan kasuwar, a ɗaki ƙarami mai warin gawayi da ƙarfe. Ya haura tamanin. Kakansa maƙeri ne daga Katsina, ya zo a ƙafa, su kuma suka gaji wuta da hantsaki a nan. Yanzu gyara kawai yake yi, maƙullin sarƙa, zoben da ya matse. Muka gaishe shi, ya amsa da wata Hausa da rabona da jin irinta tun kakarmu. Yaya ta ce, "Baba, narkawa za a yi," ta karɓi munduwar daga hannuna ta ajiye masa.

Bai kai ta sikeli ba. Ya maƙala wani ɗan madubi a ido ɗaya, ya matso da fitila, ya shiga duba ta. Ni kuma, da ba na koyon darasi, na fara cewa ƙirar mutanen Girka ce ta shekara dubu biyu.

"Salon ne mai shekara dubu biyu, ɗiyata," in ji shi, bai ɗago ba. "Ita kanta ba ta girme ki ba. Amma wanda ya yi ta ya san wuta."

Ya kira mu mu matso, ya ba mu madubin bi da bi. Ƙwayoyin da ke wuyan ragunan, waɗanda ido ke gani kamar gari, ashe kowace ƙwallo ce cikakkiya, ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa, a jere kamar an yi musu layin asuba. Ya ce ana yanka zaren zinariya gutsi-gutsi, a barbaɗa cikin garin gawayi, a hura wuta har kowane guntu ya dunƙule. Sannan a ɗauke su ɗaya-ɗaya da gashin buroshi, a zaunar da ɗan ƙaro. Sannan a mayar wuta, a jira daidai lokacin da fatar zinariyar za ta yi gumi. Kafin nan ba su kama ba. Bayan nan da numfashi ɗaya, duk aikin wata guda ya zama ruwa. Ya ce yana saurayi ya ga wani maƙeri Bagirke a Jidda yana yi, ya dawo ya gwada shekara biyu, ya ƙona zinariyar babansa har aka hana shi.

"Yanzu inji ke bugawa, dubu a yini. Ba laifi, mata suna so." Ya juya munduwar, ya tsaya. "Hajja, yatsan wa ya cinye wannan hancin?"

Muka duba. Ragon dama hancinsa da bakinsa suna nan. Na hagu kuwa ya shafe, ya yi sumul, har ya ɗan lotsa. Ni da na yi ta nuna ƙaho da ido a filin jirgi ban lura ba.

"Zinariya ba ta lotsawa haka da wanki," in ji shi. "Babban yatsa ne, shekara da shekaru, wuri ɗaya."

Yaya ta kai yatsa ta shafa wurin. Sannan ta ce, a hankali, kamar ba da mu take ba, "Inna ce. In Baba ya yi dare a hanyar Nguru, haka take zama tana murza shi. Lokacin da ƙyanda ta kama wannan," ta nuna ni da haɓa, "kwana bakwai yatsanta na kan hancin nan." Ta kalli babban yatsanta na dama. Ashe ita ma ta gaji murzar.

Ammu Bakur ya cire madubin. Ya jawo wata 'yar tukunyar ƙasa baƙa ƙirin, ya kunna wutarsa, harshenta shuɗi yana huci.

"In kin ce a narka, Hajja, aikina ne, minti biyar. Na narka abin da ya fi wannan. Ke ce mai ita."

Na buɗe baki. Sa'adiyya ta taka mini ƙafa, ta bar ƙafarta a kai. Wannan shi ne taimako mafi girma da aka yi mini a ƙasar Saudiyya. Wutar tana ta huci, Yaya tana kallonta.

"Baba," ta ce, "wani malami ya ce in an cire kan, shi ke nan. Sai an datsa?"

Ya kashe wutar. Ya ce da mai shago ne zai datsa. Ya nuna mana wata 'yar ƙusa siririya a ƙarƙashin wuyan kowane rago, wadda ko da madubi sai an nuna maka. Kawunan daban aka ƙera su aka zura, mai aikin ya bar ƙofa ga wanda zai zo gyara bayansa. Fiye da awa guda ya yi. Muka ji kiran magariba, ya rufe, muka yi salla, ya dawo ya ƙarasa. Ya toshe bakunan biyu da 'yan ƙwallaye lami, ya goge, ya miƙa wa Yaya. Ta zura. Ta rufe farin zoben daidai.

Kawunan biyu suna kan wani ƙyalle, ƙanana, kamar ba su ne suka hana mu barci mako guda ba.

"Waɗannan fa? Tukunya?"

Yaya tana gyara mayafi, ba ta kalle ni ba. "Ba wa Malama. Ita ta gano su, sai ta ji da su."

Zan faɗi gaskiya tunda rubutu ne. Munduwar ba ta da kyau yanzu. Murɗaɗɗen ƙarfe ne mai ƙwallo biyu, irin wanda za ki wuce a kowace kasuwa. Ban ci nasara ba, Yaya ma ba ta ce ta ci ba. Sauran kwanakin mun yi su cikin ibada da ciwon gwiwa, tana salla da munduwarta hankali kwance, muna magana kan abin da ya zama dole: wa ya ga silifas ɗina, ƙarfe nawa mota za ta zo. Muka yi ban kwana da Sa'adiyya a ƙasan matakala, tana kuka tana cewa a aiko da daddawa. A Jidda aka ce kayanmu sun yi nauyi, Yaya ta sa dogayen riguna uku a jikinta a gaban ma'aunin. Jirgin dawowa ya makara awa biyar, ban yi wa kowa bayanin komai ba.

Ragunan suna wurina, a cikin kwalbar magani, a durowar teburin karatuna. Ni ina Tarauni, Yaya tana Fagge, kuma a da sai mu yi wata uku ba ta tako gidana ba, kullum ni ce mai zuwa, ta ce cunkoson hanya yana sa mata jiri. Tun da muka dawo, wata biyu ke nan, ta zo sau shida. Ba ta taɓa cewa in nuna mata su ba, ni ma ban taɓa tayi ba. In ta zauna a ɗakin, nakan tashi neman almakashi a wannan durowar, in manta ban rufe ba, in tafi kicin ɗora ruwan shayi. Ba na saurin dawowa.